Shekara biyu ina aiki da Archive-It a laburaren jami'a, ga abin da na gani

Duk wanda na faɗa wa cewa aikina a laburare shi ne ajiye shafukan intanet sai ya kalle ni ya ce wai ai abin da ya hau intanet ya hau kenan, ba ya sauka. Ni ma haka na ɗauka kafin in fara digiri na biyu a fannin laburare, har aka ɗauke ni aikin wucin gadi a sashen adana kayan dijital. Ashe shafi ma mutuwa yake yi, kuma ba ya sallama in zai tafi. Cibiyar Pew ta Amurka ta fitar da bincike a 2024 da ya nuna kashi 38 cikin 100 na shafukan da ke raye a 2013 ba sa buɗuwa bayan shekara goma. Kafin nan a 2014 wasu masana a Harvard, cikinsu har da Jonathan Zittrain da Lawrence Lessig, sun bi linkunan da ke cikin hukunce-hukuncen Kotun Ƙolin Amurka suka tarar kusan rabi ba sa kai mutum ga abin da alƙalin ya yi nufi. Kotun Ƙoli fa nake magana. To ina ga shafin wata ƙaramar ƙungiyar ɗalibai ko shafin taron da wani sashe ya yi sau ɗaya aka watse?

Abin da muke amfani da shi wajen wannan aikin sunansa Archive-It, kuma tunda ɗalibai irina suna yawan tambayata ko ya cancanci wahalar koyo, wasu kuma laburarensu na tunanin biyan kuɗinsa, na ce bari in zauna in rubuta yadda na same shi tsakani da Allah. Na Internet Archive ne, wato ƙungiyar nan da Brewster Kahle ya kafa a San Francisco a 1996, masu Wayback Machine, rumbun tsofaffin shafukan intanet, da aka buɗe wa jama'a a 2001. Shi Archive-It a 2006 ya fito. Bambancinsa da Wayback Machine na kowa da kowa shi ne, can su ne ke kwasar abin da suka samu a faɗin intanet, nan kuma kai ne za ka zaɓi abin da za a kwasa, ka faɗi yaushe, ka faɗi iya inda za a tsaya, ka tsara shi tari-tari da sunan laburarenka. Biya ake yi duk shekara, kuma abin da ake saya shi ne kaso na data, wato yawan gigabait ko terabait ɗin da za ka iya ajiyewa a wannan shekarar. Ku riƙe maganar kason nan don duk wani tashin hankali na ma'aikaci a kanta yake.

Abu na farko da ya burge ni shi ne ba sai ka kafa komai ba. Ba saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe kaya a intanet, da za ka kula da ita, ba manhajar da za ka girka, burauza kawai za ka buɗe ka shiga da fasuwad ɗinka. Wanda bai taɓa gwada tayar da na'urar kwasa da hannunsa ba ba zai gane girman wannan sauƙin ba. Ga laburaren da ma'aikatansa a wannan fannin ba su wuce mutum ɗaya da ɗalibi ɗaya ko biyu ba, kuma mafi yawa haka suke, wannan kaɗai ya isa dalili.

Aikin yana farawa ne da abin da suke kira iri, wato adireshin da na'urar za ta fara daga kansa, daga nan ta bi linkunan da ke ciki tana kwasa. Sunan ya dace sosai don abin da ka shuka shi za ka girba. Ranar farko ogarmu, wata ma'aikaciyar laburare mai haƙuri da ta daɗe a aikin, ta zaunar da ni gaban kwamfuta ta rubuta adireshin wani sashe sau biyu, ɗaya da 'yar sandar nan mai karkata a ƙarshe, ɗaya babu. Ta ce min duba da kyau, wannan mai sandar zai tsaya a cikin shafukan sashen kawai, wannan marar sandar zai iya haurawa sama ya shiga kwasar gidan jami'ar gaba ɗaya. Alama ɗaya tak. Daga ranar ban ƙara saka iri ba sai na karanta shi harafi-harafi, kuma sai na buɗe shi a burauza na ga ko yana juyar da mutum zuwa wani adireshin daban, don in yana juyawa to wancan na ƙarshen ne ya kamata a shuka. Akwai kuma zaɓin ko shafi ɗaya kawai kake so, ko shafin da duk abin da ya nuna da mataki ɗaya, ko gidan duka. Sannan ka zaɓi lokaci, sau ɗaya ne, ko kullum, ko mako-mako, ko wata-wata, har zuwa shekara-shekara.

Amma in aka ce in zaɓi abu ɗaya da na fi so a cikin tsarin duka, kwasar gwaji zan ɗauka ba tare da na yi dogon tunani ba. Kana iya sakin na'urar ta je ta kwaso, ka zauna ka duba abin da ta dawo da shi, in ya yi maka ka ajiye, in bai yi ba ka zubar, kuma ba a cire komai daga kasonka sai ka ajiye. Suna riƙe maka gwajin kwana 60 kafin ya goge kansa. Wannan ya cece ni tun a watan farko. An ba ni shafin wata cibiyar bincike da ban zaci ya kai shafi ɗari ba, na saka gwaji na tafi, da na dawo bayan kwana biyu na buɗe rahoto sai na ga abin bai gama ba, lokacin da na ba shi ne ya ƙare, kuma layin abin da ke jiran kwasa ya fi wanda aka kwasa tsawo nesa ba kusa ba. Na buɗe jerin adiresoshin ina bi ɗaya bayan ɗaya, sai na ga duk kusan iri ɗaya ne, lambar wata da shekara ce kawai ke canzawa a wutsiyarsu. Kalanda ce. Shafin yana da kalandar taruka mai maɓallin “wata mai zuwa”, ita kuma na'ura ba ta san gajiya ba, ta danna ta samu sabon shafi, ta sake dannawa ta samu wani, ta wuce shekarun da ko jikokinmu ba lallai su gani ba, kowane shafi fanko ba taro ko ɗaya. Wannan shi ake kira tarko a wajen masu aikin, kuma ba kalanda kaɗai ba, shafukan da ake tace kaya da launi da girma da kwanan wata su ma haka suke haifar da adireshi marar iyaka. Da ace kwasar gaske na saki da na ci wa sashenmu kason da aka tanada don wasu tarin. Na zubar da gwajin, na saka doka cewa duk adireshin da ke ɗauke da kalmar kalandar a tsallake shi, na sake gwadawa, cikin 'yan awoyi ya gama tsaf.

Rahotannin nan kuwa sun yi. Akwai wanda ke nuna maka kowane iri da abin da ya faru da shi, akwai wanda ke jera duk gidajen intanet da na'urar ta taɓa da yawan abin da ta ɗauko a kowanne da wanda aka hana ta da wanda ya faɗa wajen shinge, akwai na nau'in fayil. Na biyun nan shi ne abincin ma'aikaci. A nan za ka gane cewa shafin da kake gani kamar abu ɗaya ne ashe haɗe-haɗe ne, rubutun daga nan, hotunan daga wata saba can, salon haruffan daga wani kamfani, bidiyon daga YouTube. Wani alherin kuma shi ne ba a lissafa maka abu sau biyu, in fayil bai canza ba tun kwasar baya to ba zai sake cin kasonka ba, shi ya sa kwasa ta biyu ta kan yi sauƙi sosai a kan ta farko.

Na'urorin kwasar biyu ne za ka zaɓa. Akwai Heritrix, tsohon hannu da Internet Archive ta ƙera tare da wasu laburaren ƙasa na arewacin Turai tun farkon shekarun 2000, yana da sauri da juriya, ya dace da manyan gidaje masu shafuka na gargajiya da takardun PDF. Sai Brozzler, shi kuma burauzar gaske yake buɗewa irin ta Chromium, ya jira shafin ya gama tashi, ya gangara ƙasa, ya danna wasu abubuwa kamar yadda mutum zai yi. Ya fi jinkiri amma ga shafukan zamani da JavaScript ke gina su a gaban idonka, shi ne mafita. Ni dai yanzu in na ga shafi mai hotuna masu zamewa ko mai ƙara lodo in ka gangara, ba na ɓata lokaci, Brozzler nake ba shi kai tsaye. In kuma tsohon shafin sashe ne mai tarin takardu sai in bar wa Heritrix, da tsohuwar zuma ake magani.

To yanzu ga inda nake so duk ɗalibin da zai shiga aikin nan ya buɗe kunne, don wannan ba a faɗa maka shi a tallan kowace manhaja. Rahoto zai iya cewa an gama lafiya, komai kore, amma abin da aka ajiye ya zama gurgu. Na'ura kwasa kawai ta iya, ba ta san ko abin da ta kwaso ya yi kama da shafin ba. Wannan sai ido. Mafi yawan awoyin da na yi a ofishin nan ba saka iri na yi da su ba, zama na yi da tagogi biyu a allo, hagu shafin mai rai, dama kwafin da aka ajiye, ina danna menu ɗaya-ɗaya, ina buɗe kowane hoto, ina kunna bidiyo in ga ko zai yi motsi, ina sauke PDF in ga ko ya buɗe ko rabi ya zo, ina zuwa shafi na biyu da na uku na jerin labarai don sau da yawa na farkon ne kawai ke zuwa sauran su maƙale. Aiki ne mai cin rai, ba zan ɓoye ba, wata rana za ka yi awa uku a kan gida ɗaya. Amma ranar da na fahimci cewa wanda zai buɗe kwafin nan bayan shekara ashirin ba shi da tagar hagu, ba shi da abin kwatantawa, abin da na bari ya wuce shi ne gaskiyar da zai sani game da shafin, tun ranar na daina ganin dubawar a matsayin ƙaramin aiki. A takarda ana rubuta shi kamar aikin da ake ba ɗalibi don babba ba shi da lokaci. A zahiri shi ne wurin da ake raba ajiya da tarin shara.

Kuma ido ma yana iya ruɗuwa. Akwai abin da ke faruwa inda kwafin zai nuna maka hoto ko taswira lafiya lau, ka yi murna, ashe ba daga ajiya ya fito ba, shafin ne ya zura hannu ta bayan fage ya ɗauko daga intanet mai rai. Yau yana nan, ranar da asalin ya mutu sai wurin ya koma fari fat. Dabarar da na koya ita ce in sauke fayil ɗin kwasar in buɗe shi da manhajar nuna ajiyayyun shafuka ta ReplayWeb.page a kwamfutata bayan na kashe intanet gaba ɗaya, abin da ya bayyana a wannan halin shi ne namu na gaske. Sai kuma matsalar lokaci. Kowane kwafi yana da lamba 14 a cikin adireshinsa, shekara, wata, rana, awa, minti, daƙiƙa. To in wani hoto bai samu ba a wannan kwasar, manhajar nunawa tana ɗauko mafi kusa da ta samu daga wata kwasar, wanda zai iya zama na watanni baya ko gaba. Sai ka ga rubutun sanarwa na wannan zangon, hoton saman na wancan zangon, shafin da a duniya ba a taɓa ganinsa a haka ba. Ga mai yawon kallo ba komai, ga mai binciken tarihi ko lauya kuwa babbar magana ce. Wannan ba laifin Archive-It kaɗai ba ne, haka fasahar nuna ajiyayyun shafuka take a ko'ina, amma dole wanda ke aikin ya san da shi.

Inda suka kyauta shi ne sun ba da hanyar gyara. In kana duba kwafi a cikin asusunka tsarin yana lura da abubuwan da shafin ya nema bai samu ba, ya jera maka su, ka zaɓa ka tura kwasar faci ta je ta ɗauko waɗannan kaɗai. Kamar ɗinkin faci dai, ba sai an sake rigar duka ba. Sharaɗin kawai a yi shi da wuri tun asalin yana nan bai canza ba, facin da aka yi bayan wata shida ya zama wani labarin.

Shafukan sada zumunta kuwa kada wanda ya yaudare ku, ciwon kai ne ga kowa. Facebook da Instagram da X suna canza gininsu kullum, suna neman sai ka shiga da asusu, suna tare duk abin da ya yi kama da na'ura. Abin da ya yi aiki wannan watan ba lallai ya yi wata mai zuwa ba. Ko Laburaren Majalisar Dokokin Amurka da ya karɓi ajiyar dukkan saƙonnin Twitter na fili a 2010, a ƙarshen 2017 ya sanar cewa daga nan zaɓa zai riƙa yi. In abu ya gagari wannan gidan to ɗalibi ya sassauta wa kansa. Abin da nake yi in shafi ya ƙi shi ne in koma kan ArchiveWeb.page na Webrecorder, aikin da Ilya Kreymer ya faro, kyauta ne, ana liƙa shi a burauza, ka kunna shi ka yi yawo a shafin da hannunka, duk abin da ka buɗe yana naɗewa. Yana da kyau matuƙa ga shafi ɗaya mai wuya, amma abin da ba ka danna ba bai shiga ba, kuma ba za ka iya yin gida mai shafi dubu da hannu ba. Don haka ni ban ɗauke su kishiyoyi ba, Archive-It na ɗaukar babban kaya a kan jadawali, wancan kuma na tsince abin da ya zube.

Akwai wani ɗan fayil da ake kira robots.txt, al'ada ce da ta faro tun 1994, inda mai gida ke rubuta wa na'urori inda ba ya so su shiga. Archive-It yana girmama shi tun asali, amma ya ba ka ikon ka ce a yi watsi da shi a kan iri kaza ko gida kaza. Sau da yawa dole ne ma, don wasu gidajen sun toshe jakar da salon shafin ke ciki ba da wata niyya ba, sai kwafin ya fito tsirara, rubutu zube ba tsari. Amma maɓallin nan yana da nauyi. In shafin jami'armu ne ba damuwa, namu ne. In na wata ƙungiya ce ta waje ko na ɗalibai, mu dai ƙa'idarmu sai an tura musu imel an sanar da su. Na taɓa zama da jerin shafukan wata ƙungiyar ɗalibai masu fafutuka, akwai sunaye da fuskoki da maganganun da mutum ya yi yana ɗan shekara sha tara cikin zafin rai, na tambayi ogarmu ko muna da haƙƙin daskarar da wannan har abada. Ba ta ba ni amsa mai sauƙi ba, ta ce mu ajiye amma mu rufe tarin daga idon jama'a har sai an yi magana da su. Tsarin ya ba da damar hakan, kana iya mai da tari ko iri na sirri. Manhaja ta ba ka makulli, amma shawarar wa za a buɗe wa tana wuyanka.

Wajen rubuta bayanin kaya suna amfani da tsarin da ake kira Dublin Core mai gurabe 15, su take da mai shi da batu da bayani da harshe da kwanan wata da sauransu, kuma kana iya ƙara naka. Ba shi da wuya. Cika shi iri bayan iri ne ke da gajiya, gara ka shirya a takardar lissafi ka loda gaba ɗaya. Akwai kuma binciken kalma a cikin rubutun shafukan da aka ajiye, yana taimako.

Ranar da na san aikin nan ba wasa ba ne ita ce ranar da wata malama ta shigo ofishinmu hankalinta a tashe. An sauya wa jami'a gidan intanet gaba ɗaya, aka ɗauke abin da aka ga dama zuwa sabon, tsohon aka kashe, kuma a cikin abin da aka bari har da shafin wani aikin bincike da ta yi shekaru tana yi da ɗalibanta, rahotanni da hotunan fili da jerin waɗanda suka yi aikin. Masu ba da tallafi sun nemi shaida, linkin da ta saka a takardunta duka ya mutu. Na ce mata Malama zauna mu duba. Na buɗe tarinmu na shafukan sassa, na rubuta tsohon adireshin, kwanakin kwasa suka fito a jere, na danna na ƙarshe kafin sauyin. Shafin ya tashi da tsohon launinsa da komai. Ta matso da kujera ta ce buɗe rahoto na uku, na buɗe, ya sauka cikakke. Ta yi shiru ta ɗan jima tana kallon hoton ɗalibanta sannan ta ce Allah Ya yi muku albarka. Abin da ya tsaya min a rai shi ne da na duba bayanan aikin daga baya, na ga rahotannin nan ba su zo a kwasar farko ba don a wata saba daban suke, wani ɗalibi da ya riga ni a kujerar nan, wanda ban taɓa haɗuwa da shi ba, shi ya lura ya faɗaɗa shingen ya sake kwasa. Da ya duba rahoto kawai ya ga kore ya wuce, da shafin zai buɗe amma kowane linki a ciki ya kai mu ga bango.

Sai maganar da ta shafi adanawa ta dogon zango, don kwasa daban, adanawa daban. Duk abin da aka ɗauko yana shiga fayil nau'in WARC, wanda ya zama ma'aunin duniya a 2009 da lamba ISO 28500. Wannan babban abin yabo ne, don ba a kulle ka a gidan kamfani ɗaya ba, kayanka naka ne, kana iya sauke su ta hanyar da suka tanada mai suna WASAPI ka buɗe da wata manhajar kamar pywb. Kuma shawarata ku sauke ɗin. Internet Archive na ajiye kwafi fiye da ɗaya, amma duniya ta ga abin da ya faru a Oktoban 2024 lokacin da aka kai musu harin intanet, aka saci bayanan asusu kusan miliyan 31, hidimominsu suka tsaya na kwanaki. Shekara ɗaya kafin nan, a Oktoban 2023, an kai wa Laburaren Birtaniya hari mai muni wanda ya durƙusar da hidimominsa har da rumbun shafukan intanet na ƙasar na dogon lokaci. Ba wanda ya fi ƙarfin wannan. Shi ya sa mutanen Stanford tun 1999 suka raɗa wa shirinsu suna LOCKSS, ma'anarsa dai yawan kwafi shi ke tsare kaya. Mu abin da muke yi duk ƙarshen zango shi ne mu sauke sababbin fayilolin, mu lissafa wa kowanne lambar shaidarsa, wato wata doguwar lamba da ke canzawa in ko ɗigo ɗaya ya lalace a cikin fayil, mu gwada da wadda ta zo da shi, mu ɗaure su da BagIt, wato tsarin ƙunshe fayiloli tare da lambobin shaidarsu, mu tura ma'ajiyar laburare. Bayan lokaci a sake lissafawa a ga ko har yanzu sun dace. Ba aiki ne mai armashi ba amma ni a nan na fi koyon abin da ake nufi da adana kayan dijital fiye da duk abin da na karanta a aji game da OAIS, wato tsarin da ke bayyana yadda ma'ajiyar kayan dijital ya kamata ta yi aiki.

Abu ɗaya da tsarin ba zai yi maka ba, kuma ya fi shafar mu ɗalibai, shi ne riƙe dalili. Zai nuna cewa an toshe gida kaza ranar kaza, amma me ya sa aka toshe, wa ya ce a cire iri kaza, wace matsala aka gani aka haƙura da ita, wannan in ba a rubuta ba ya tafi da mai shi. Mu kuma shekara ɗaya ko biyu muke yi mu kammala mu wuce, wani ya zo ya fara daga sifili. Na gaji tari da dokoki a ciki da ba wanda ya san asalinsu, ina tsoron cirewa ina tsoron bari. Don haka na buɗe takarda guda ga kowane tari, duk abin da na taɓa sai na rubuta kwanan wata da dalili da abin da na gani da idona, har da inda na kasa, misali bidiyon shafi kaza bai kamu ba an gwada sau uku da na'urori biyu. Wanda zai gaje ni ya san inda ramin yake.

To wa zan ce ya ɗauka? In laburarenku na son ajiye shafukan jami'a da na wani batu a kai a kai, shekara da shekaru, kuma ba ku da injiniyan da zai zauna kan saba, Archive-It ya cancanci kuɗinsa, ina faɗa da zuciya ɗaya. Takardun koyarwarsu a bayyane suke, kuma akwai jama'a da yawa masu amfani da shi da za ka koya daga tarinsu tunda yawanci a buɗe suke. In kai ɗalibi ne kawai mai son kare linkunan da ke cikin kundin bincikenka, ba ka buƙatarsa, maɓallin ajiye shafi na Wayback Machine kyauta ne, ga kuma Perma.cc na laburaren koyon shari'a na Harvard da aka yi shi musamman don wannan. In kuma shafukan da kuke hari masu wuyar sha'ani ne ƙwarai, ku gwada Browsertrix, na'urar kwasa ta Webrecorder, ku kwatanta sakamakon a kan iri ɗaya kafin ku yanke.

Amma dan Allah duk shugaban laburaren da zai sa hannu a biya, ya lissafa awoyin mutum tare da kuɗin kason. In an sayi terabait ba a ware wanda zai zauna da tagogi biyun nan ba, za a tara kaya masu yawa da ba wanda ya san lafiyarsu. Ni saura min zango ɗaya in gama, kuma abin da nake yi a makonnin nan shi ne bin tsofaffin tarin da aka kwasa ba a duba ba, ina farawa da waɗanda asalinsu ke raye har yanzu don su ne faci zai iya ceto. Na kai rabin jerin, sauran na rubuta su a takardar da zan miƙa wa wanda zai zauna a kujerar bayana.